Ƙasidar da Na Sa a Gidan Shisha

Ni dai gawayi aka ɗauke ni in hura, ba wanda ya ɗauke ni don kiɗa ko waƙa. Aikina a gidan shishan shi ne in hau bas daga unguwarmu ta Glenwood, a nan ƙasar Turawa, in iso da azahar, in wanke tukwane, in busa tiyo in fitar da tsohon hayaƙi, in cusa taba mai ƙamshin tuffa ko na'a-na'a a kan tukunya, in rufe da farar takardar nan mai ƙyalli in hudhuda ta da tsinke, sannan in jera gawayi a kan murhun lantarki har ya yi ja. Idan mutane sun fara shigowa, sai in ɗauki kaskon garwashi da matsefi in riƙa zagayawa ina canza wa kowa wuta. Iyakar aikina ke nan, kuma da na tsaya a iyakata da ban ga abin da na gani ba.

Mai gidan dattijo ne ɗan Iraƙi, mutumin Bagadaza. Baba nake ce masa. Gajere ne, mai furfura har a gira, kuma kullum yana neman tabaraunsa. Wata rana aka kawo kwalin taba daga ƙasarsu, duk jikinsa rubutun Larabci, ya juya shi gaba ya juya shi baya bai ga komai ba. Ni kuma da rawar kai, ba wanda ya tambaye ni, na karɓi kwalin na karanta masa. Kai, har da jan madda! Na karanta sunayen kayan haɗin taba kamar ina gaban malaminmu na Islamiyya a Gusau.

Baba ya saki baki yana kallona. Ya ce da Turancinsa mai nauyi, "Ashe ka iya Larabci?"

Na ce, "Alhamdu lillahi."

Ban ce e ba, ban ce a'a ba, kuma na san sarai abin da zai ɗauka. Duk wanda ya tashi a inda na tashi ya san yadda abin yake. Mun iya baƙaƙen Larabci tun kafin mu iya na boko. Na sauke Alƙur'ani ina saurayi, ka miƙo min ko jaridar Larabawa ce zan karanta maka ita tiryan-tiryan ba gargada. Amma ka ce in faɗa maka me na karanta, nan za ka ga na fara sosa ƙeya. Ranar dai kaina ya kumbura. Wata takwas ina goge toka a gidan nan, sai ranar Baba ya dube ni kamar mutum. Daga nan ya laƙaba min Ustaz. Ya ce Larabcina na littafi ne, nasu na kasuwa ne, ba zai ɓata min harshe da shi ba, don haka muka ci gaba da Turancinmu. Wannan ne ya rufa min asiri har wata biyu.

Wata Talata kafin a buɗe, ya kira ni ya zaunar da ni a kujerar baƙi, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce 'yarsa, wadda ke aikin jinya, ta samu wanda take so. Yaron kirki, ɗan Iraƙi shi ma, iyayensa na zaune can garin McLeansville inda uban yake gyaran motoci a bayan gidansa. Sai dai su mutanen kudu ne, 'yan Shi'a, su Baba kuwa Sunni. Ya ce a da can wannan ba komai ba ne a Bagadaza, ana auratayya, amma yaƙi ya zo ya bar wa kowane gida gawarsa, kuma kowane gida ya san ɓangaren da yake zargi. Shekara biyu yarinyar tana fama kafin uban yaron ya yarda su zauna. Shi ya ce ba zai taka gidan Baba ba, Baba ya ce shi ma ba zai je McLeansville ba. Sai aka tsayar da gidan shisha, ranar Lahadi bayan la'asar, a rufe ƙofa ba baƙo ko ɗaya.

Ya ce, "Ustaz, kai za ka zaɓi waƙoƙin da za a sa."

Na ce, "Baba, ai da an bar wurin shiru."

Ya girgiza kai. Ya ce shiru ya fi komai haɗari, in aka yi shiru wani zai cike gurbin da zancen Iraƙi, kuma daga nan sai tashi. Ya ce in ƙaninsa ya zaɓa za su ce waƙoƙinmu aka sa musu, in yaron ya zaɓa ƙaninsa zai ce an kawo nasu gidanmu. "Kai ba namu ba ne, ba nasu ba ne, kuma kana jin abin da ake faɗa." Ya ɗaga yatsu uku. Kada waƙar yaƙi ta shiga. Kada waƙar yabon wani shugaba ko wani mai rawani ta shiga. Kada waƙar kukan mutuwa ta shiga. Ya ce waƙa ɗaya tak ta isa ta tashi taron, kuma in ya tashi ba zai sake zama ba, ya san mutanensa. Da ya zo nan muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce 'yar nan ita kaɗai gare shi.

Wallahi a lokacin bakina ya buɗe zan faɗi gaskiya. Na ga yadda yake kallona, na haɗiye. Na ce, "In sha Allahu, Baba." Ya miƙo min 'yar kwamfutar da ke kan kanta, wadda aka haɗa da lasifikokin gidan, na karɓa.

Kwana biyar na yi ba ni da sukuni. Ina komawa ɗaki sai in toshe kunnuwana in fara. Dabarata ta farko ita ce sunan waƙa. In na ga kalmar da na sani daga karatu, irin su jini, mutuwa, takobi, shahidi, sai in yi waje da ita. In na ga zuciya ko ido ko wata, sai in ajiye a gefe. Dabara ta biyu hoto: duk wadda na ga tuta, ko kaki, ko wani mai gemu yana nuna yatsa, ban ko tsaya saurara ba. Amma yawancinsu ba hoton komai sai na mawaƙin ya sha gashin baki yana kallon nesa, kamar wanda aka ƙwace wa mota.

Sai na koma ga kunne, kunnen kuma ya ci amanata. 'Yan Iraƙi suna da wata 'yar ganga mai ƙara tatatatata, in ta ɓarke sai ka rantse ɓarin wuta ake yi da bindiga. Duk waƙar da na ji ta a ciki na ce ta yaƙi ce, na goge. Daga baya na ji ashe kiɗan rawar bikinsu ke nan, na zubar da waƙoƙin aure sun fi talatin. Sannan mawaƙinsu ba ya fara waƙa sai ya ja wani dogon kuka shi kaɗai, yana ya waili ya waili, har ka ji tausayinsa. To wannan budurwa ce ta guje shi, ko ɗansa aka kashe? Ta ina zan sani? Mutanen nan ko soyayya suke yi kamar a gidan makoki suke. Na sa waya ta fassara min wata, ta ce min wai hantata tana tafiya a kan gada da takalmin maƙwabci. Na yi tsaki na jefar da wayar kan katifa.

Na gudu wajen na Masar da na Labanan, don su ko ba komai muryarsu da fara'a. Na kafa wa kaina doka: duk waƙar da aka ce habibi ya wuce sau goma, ta tsira. Na tara kusan arba'in a haka, har na fara numfashi. Sai wani tunani ya faɗo min ina cikin bas: to shi soja ba zai iya ce wa ƙasarsa habibi ba? Ina ta juya wannan a raina har na wuce tashar da zan sauka.

Wanda muke haya tare, wani Bahaushen zangon Kumasi ne mai tuƙa motar kai kaya, ya girme ni da kusan shekara goma. Ya ga na daina cin abinci sai zama da waya a kunne. Da na kwashe labarin na faɗa masa, ya yi dariya har da buga cinya, sannan ya daina.

Ya ce, "Malam, wannan asem ne, babbar rigima. Ka je ka gaya wa tsohon nan gaskiya tun da sauran kwana biyu."

Na ce, "Yaya, wata biyu yana ce min Ustaz a gaban mutane. Da wane bakin?"

Ya ce, "Da bakin da ka karanta kwalin taba."

Na ji haushinsa ƙwarai, don gaskiya ya faɗa. Na ce to ko in kai wa limaminmu na East Greensboro ya saurara min, tun da shi ya yi karatu a ƙasar Larabawa. Ya ce in je mana, in yi sallama in ce Malam ga waƙoƙin gidan shisha na kawo a duba min, shi kuma zai tsaya a ƙofa ya ga yadda zan fito. Ban je ba. Ko a masallacin cewa nake a gidan shayi nake aiki.

Ranar Juma'a da yamma wata damuwar ta ƙaru. Na duba jerin da na haɗa, na ga wadda ke farko wata 'yar Labanan ce mai lanƙwasa murya. Na ce haba, dattawa za su zauna maganar aure, a buɗe musu da wannan? A gidanmu ba a yi haka ba. In za a yi walima ko ɗaurin aure, kafin komai sai an sa yabon Manzon Allah da iyalan gidansa, a nemi albarka, sannan 'yan kiɗa su yi nasu. Na tuna da yatsun Baba uku: yaƙi, shugaba, mutuwa. Bai ce kada a sa yabo ba. Kuma me ya haɗa Sunni da Shi'a in ba son gidan Manzo ba? Na ji kamar an yaye min wani abu daga ido. Na ce ai ni ne ma zan haɗa kansu.

Na shiga nema, ban daɗe ba na same ta. Ba hoton kowa, baƙin allo ne kawai da rubutu ruwan zinariya. Ba goge, ba molo, ba muryar mace. Namiji ɗaya ke bayarwa da wata murya mai ratsa jiki, maza masu yawa suna amshi. A ƙarƙashi kuma wani bugu mai nauyi, dum, a dakata, dum, wanda na ɗauka mandiri ne irin na 'yan zikirinmu. Na kasa kunne na ji sunan 'yar Manzon Allah, na ji sunan jikansa ana ta maimaitawa. Tsikar jikina ta tashi. A duk kwanakin nan, ita kaɗai ce na ji na gane da kaina ba tare da zato ba. Na ɗora ta a kan ta 'yar Labanan, ta zama ta farko. Daren nan na ci tuwon da abokin zamana ya tuƙa har da ƙari.

Lahadi na iso da wuri. Na goge tebura, na jera tukwane shida mafi kyau, na dafa shayi baƙi ƙirin irin nasu, Baba ya kawo farantan alawa mai zuma. Ƙaninsa ya riga kowa zuwa. Dogo ne, ba ya dariya, kuma hannunsa na hagu yatsu uku ne suka rage, ban taɓa tambayar dalili ba. 'Yar Baba ta zo da gwaggonninta biyu suka zauna ta wajen taga. Ta wuce ta gabana ta ce a hankali, "Na gode, Ustaz," na ji kamar in nutse.

Can sai ga motarsu. Uban yaron ya fara shigowa, ƙaƙƙarfan mutum mai faɗin ƙirji, baƙin mai ya zauna a layukan tafinsa, da zobe mai jan dutse a yatsa. Matarsa na biye cikin baƙin mayafi har ƙasa, sai wasu maza biyu, sai shi yaron a ƙarshe cikin kwat yana ta gumi. Aka gaisa a tsaye, hannu ya taɓa hannu ya koma. Kowa ya zauna a ɓangarensa, tebur a tsakani. Na zagaya na ɗora wa kowace tukunya garwashi, na ajiye kaskon a ƙasa kusa da kujerar ƙanin Baba don in dawo in ɗauka. Uban yaron ya karɓi tiyo ya ja sau ɗaya.

Sai Baba ya yafito ni. Ya dafa kafaɗata ya yi musu bayani da Larabci, sannan ya maimaita da Turanci don in ji daɗi. Ya ce wannan Ustaz ne daga Najeriya, ya haddace abin da mu muka manta, Larabcinsa ya fi namu, shi ya zaɓi duk abin da za ku ji yau. Uban yaron ya ɗan sunkuyar min da kai. Na koma bayan kanta, na yi bisimilla, na danna.

Bugun ya fara. Dum. Dum. Muryar ta tashi ta cika gidan.

Wurin ya yi tsit, ni kuma na ɗauka natsuwa ce. Har na fara murmushi. Sai na ga uwar yaron ta ja mayafinta ta rufe fuska, wani sauti ya fito daga ƙarƙashinsa kamar an taka ta. Na dubi mijinta. Hannunsa na dama ya taso da kansa ya nufi ƙirjinsa, ya tsaya a hanya. Ya dubi tiyon da ke hannunsa na hagu, ya dubi hayaƙin da bai gama fita daga bakinsa ba, ya dubi farantin alawa. Ya ajiye tiyon a hankali a kan tebur. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. Ta ɗaya ɓangaren kuma ƙanin Baba ya miƙe tsaye, kujerarsa ta faɗi ta baya.

'Yar Baba ta taso a guje tana cewa, "Kashe! Kashe ta!"

Na kai yatsa, yatsan duk gumi da toka, gilashin ya ƙi ji. Na sake dannawa, maimakon ta mutu sai ƙarar ta ƙaru, mazan nan suka amsa da ƙarfi har tagogi na rawa. Innalillahi! Na durƙusa ƙarƙashin kanta na fizge duk wayar da hannuna ya taɓa, har da ta firij. Waƙar ta yanke. Da na ɗago, kowa na tsaye, kowa na magana lokaci ɗaya da Larabci, kuma yatsu biyu ne ke nuno ni, ɗaya daga kowane ɓangare.

Yarinyar ta riƙe bakin kanta tana haki, ta faɗa min da Turanci cikin sauri. Ta ce ba yabo ba ne, makoki ne. Kukan kisan jikan Manzon Allah ne, wanda su mutanen kudu suke yi a watan baƙin cikinsu, sanye da baƙi, suna hawaye. Bugun da nake ji ba ganga ba ce, tafukan mutane ne a kan ƙirazansu. Ta ce a wajensu ba abin da ya kai wannan girma, ba a sa shi inda ake busa hayaƙi ana cin alawa, balle a zaman aure. Uban yaron yana cewa an kira shi ne don a yi wa abin da ya fi ƙauna izgili. Kawunta kuma, ƙanin Baba, yana cewa su suka saye ni, don su kafa tutarsu a gidan ɗan'uwansa tun ba a ba su yarinya ba.

Ta ce, "Me ya sa? Me muka yi maka?" Hawaye na zuba, ba ta ko share ba.

Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Idona na kan kaskon garwashin da na bari a ƙasa, ja wur, taku ɗaya daga ƙafar kawun, shi kuma yana ta matsowa yana ɗaga hannun nan mai yatsu uku. Mazan da suka zo da uban yaron sun sha gabansa. Uwar ta riga ta kama hanyar ƙofa, yaron na riƙe da gefen mayafinta yana roƙo. Baba kuwa yana tsakiya, ya buɗe hannuwa biyu, ba mai sauraronsa. Ya juyo ya dube ni.

Ban san lokacin da na fito daga bayan kanta ba. Na ɗaga murya da Turanci na ce, "Ban iya Larabci ba!"

Ba wanda ya ji. Na sake faɗa da ƙarfi har maƙogwarona ya yi zafi. Suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Na ce ban iya ba, ban taɓa iyawa ba, karantawa kawai nake yi kamar yadda aka koya mana, ba na jin ko jimla ɗaya. Na ce Baba bai sani ba, ƙarya na yi masa. Na ce na ji sunan jikan Manzo ne na ɗauka yabo ne, a garinmu da yabon gidan Manzo ake buɗe zaman aure, albarka na nema musu. Ina magana Turancin ma yana guduna. Yarinyar ta riƙa juya musu da Larabci. Ban iya kallon Baba ba.

Uban yaron bai yarda ba, a fuskarsa na gani. Minti nawa da aka gabatar masa da ni a matsayin Ustaz? Ya ture mazan da ke gabansa ya tako har inda nake. Ya tsaya dab da ni, ina jin warin man inji da hayaƙin tuffa a jikinsa. Na runtse ido ina jiran mari.

Marin bai zo ba. Na buɗe ido na ga ya ɗaga tafukansa biyu sama, idonsa cikin nawa. Ya fara magana a hankali, kalma bayan kalma. Na ji ya ce Allahumma. Iyakar abin da na kama ke nan, amma ya ishe ni. Dattijo ya ɗaga hannu ya ce Allahumma, me ɗan Musulmi zai yi? Hannuwana suka tashi da kansu. Ya yi ta yi, ni ina tsaye da tafuka a buɗe. Da ya kai aya na ce, "Amin," na shafa a fuskata har gemu.

Wata daga cikin gwaggonnin ta ja numfashi da ƙarfi. Mutumin ya tsaya yana kallona, ya daɗe, hannuwansa na sauka a hankali. Matarsa ta yi masa wata gajeriyar magana daga bakin ƙofa. Ya juya ya dubi Baba, ya dubi kawun, ya faɗi kalma biyu ko uku. Sannan ya koma ya zauna a kujerarsa. Kawun ya tsaya jim, ya sunkuya ya ɗaga tasa kujerar da ta faɗi.

Ba a sake sa waƙa ba ranar. Ba wanda ya sake taɓa tiyo, garwashin ya mutu a kan tukwane. Shayi kawai suka sha, suna magana ƙasa-ƙasa, ni ina bayan kanta a tsugune kusa da firij ɗin da na kashe. Sun kai kusan magariba. Da za su tafi, hannun Baba da na uban yaron sun ɗan daɗe a haɗe fiye da na farko, kuma na ji yarinyar ta ce wa gwaggonta za a sake zama. Baba ya zo ya ɗauki 'yar kwamfutar ya sa a aljihun tebur ya kulle. Ya ce min, "Gobe ka zo da wuri, tukwane sun yi datti." Bai ce Ustaz ba.

Washegari da azahar ina wanke-wanke sai ga 'yar Baba cikin kayan aikinta, ta biyo ɗaukar farantai. Na ba ta haƙuri, ta ce ya wuce. Ta ce in yi wa uban yaron uzuri, ƙaninsa a hanyar zuwa irin wannan makokin aka kashe shi, shi ya sa. Na ce mata to wace addu'a ya yi min jiya?

Ta ce, "Bar shi kawai."

Na nace. Ta ajiye farantan, ta ce ba addu'a ba ce, gwaji ne. Cewa ya yi: ya Allah, in wannan mutumin ya san abin da ya aikata, kada Ka sake nuna masa fuskar mahaifiyarsa, kada ya sake jin muryarta. Ta ce duk wanda ke jin Larabci ko ƙiftawa sai ya yi, ni kuwa na ce amin har da shafawa. A nan ya tabbata ban ji ba. Ta ɗan yi dariya, ta ce, "Kada ka damu, ai ba ka sani ba." Ta kwashi farantanta ta fita.

Na tsaya da tukunya a hannu, famfo na zuba. Waƙar kam ban san ta ba, Allah ne shaidata. Amma mutumin bai ce waƙa ba, cewa ya yi abin da ya aikata. Ranar kwalin taba na san abin da na aikata. Ranar da Baba ya ɗaga yatsu uku ya ce ita kaɗai gare shi, na sani. Kuma da bakina na ce amin. Shekara shida rabona da Inna.

Na bar famfon a buɗe na fita bayan gidan wajen kwandunan shara, na kira Gusau. Ta yi ta ƙara har ta katse. Na sake kira, ta katse. Na lissafa, can magariba ta kusa, wataƙila alwala take yi, wataƙila wayar na ɗaki. Na kira na uku, ita ma ta katse. Na zauna a kan dakalin siminti.

A na huɗu aka ɗauka. Na ji kukan akuya, na ji ƙarar buta a kan ƙasa.

Ta ce, "Kai, lafiya kake ta kira haka kamar ana gobara?"

Na ƙara manna wayar a kunnena.

Ta ce, "Kana jina kuwa?"

Na ce, "Ina jin ki, Inna. Ci gaba da magana."